Mutumin da Yake Lasar Bango

Ranar da na fara ganin mutumin da zai auri ƙanwata Auta, tsaye yake a gindin katangar wata makaranta. Ya dangwali farar hodar da ta feso a jikin bulo da yatsa, ya kai baki, ya ɗan yamutsa fuska. Na koma gida na ce wa tsohuwarmu, "Inna, wanda Auta ta kawo mana fa bango yake lasa."

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "In dai da guminsa yake lasa, ina ruwanka? Kai ba fenti kake shaƙa daga safe har yamma ba?"

Ni mai fenti ne, a kan tsani na tsufa. Shi kuwa sana'arsa ba ta da suna. Idan gini ya sha danshi, ruwan yakan narkar da gishirin da ke cikin siminti da yashi da bulo, ya turo shi waje. Ruwa ya bushe, gishirin ya zauna a fuskar bango fari fat kamar an watsa gari. Wannan gishirin shi yake cirewa. Mutanen unguwa suka laƙaba masa Likita, tun ana faɗa da zolaya har sunan ya bi shi. 'Ya'yansa ma in an tambaye su sai su ce su 'yan gidan Likita ne, baƙo ya ɗauka babansu a asibiti yake aiki.

Asalinsa birkila ne, kuma gwani. Yana da shekara ashirin da shida katako ya karye da shi a hawa na biyu, ya faɗo a kan ƙugu. Ya tashi bayan wata biyar, amma ƙafar hagu ta gajarce, ɗaukar bulo kuma ta gagare shi. Yana zaune a gida yana ƙirga silin, sai wani mai kantin magani ya tausaya masa, ya ce ya zo ya wanke masa gaban kanti, jan bulon duk ya yi furfura.

Shi da bakinsa yake ba da labarin, yana dariya har da hawaye. Ya aro tiyo, ya wuni yana kwarara wa bangon ruwa yana dirza, har bulo ya fito ja wur. Ya tafi gida yana jin kansa. Kwana huɗu sai ga saƙon mai kanti. Ya je ya tarar gishirin ya dawo, ya ninka na da.

Mai kanti ya riƙe ƙugu ya ce, "Malam, wankewa ka yi ko shukawa?"

Da wani ne, da ya ba da haƙuri ya kama gabansa. Shi sai ya aro benci ya zauna a tsallaken titi, kwana uku yana kallon bangon nan, har masu wucewa suka fara zaton faɗuwar ta taɓa masa kai. A nan ya gane cewa ruwan da ya zuba shi ya shiga ciki ya jajibo wani gishirin. Ya kuma lura farin ya fi yawa a inda ruwan rufi yake zuba a jikin bango, don indararon ya tsage. Ya sa aka gyara indararo, ya jira bango ya bushe ƙayau, sannan ya bi shi da busasshen burushi. Daga ranar bai sake neman wata sana'a ba.

Kayan aikinsa ba su cika buhu ba. Burushi uku ne: mai taushi, mai tauri, da na waya wanda ba ya fito da shi sai ta ɓaci, don yana cin fuskar bulo. Sai bokiti biyu, tsummoki, ruwan kal, mai tsamin nan na girki, a tsohuwar jarka, da wani rodi mai tsawon kamu biyu. Yakan fara karkaɗe gishirin a bushe daga sama zuwa ƙasa, ya share wanda ya zuba tas ya kai nesa, kada ƙasa ta sake sha. Wanda ya maƙale sai ya ɗan jiƙa wurin, ya shafa kal da aka tsinka da ruwa, ya bar shi ya yi kumfa, ya goge, ya ɗauraye da ruwa kaɗan kamar mai rowa. Akwai wani mai taurin kai da yake daskarewa kamar ɓawon ƙwai, shi sai da ruwan asid. Ranar asid Likita ba ya wasa da kowa. Zai ɗaure hanci da ƙyalle, ya kori kaji da mutane, ya gwada a wani lungu tukuna kafin ya taɓa inda ido ke gani.

Lasar kuwa, wai da ita yake bambance gishiri da fumfuna da tsohon farin fenti. Auta ta yi faɗa har ta gaji. "Wata rana sai ka lashi ajalinka," in ji ta. Shi kuma ya ce ai girkinta ne ba ya jin gishiri, dole ya nemi ciko a waje.

Ni da shi mun yi shekara talatin muna aiki tare muna faɗa. A gaban mutane Yaya yake ce mini, da ladabinsa. Da mun rage mu biyu sai ya koma kirana Rufa-rufa, wai aikina ke nan, in lulluɓe ciwo da launi. Sau ɗaya na yi masa gardama a wani ɗakin taro da ake gaggawar buɗewa. Ya ce bangon bai bushe ba, a ba shi mako uku. Na ce masu wuri ba za su jira ba, na shafe abina shuɗi mai kyau. Kafin wata ya zagayo fentin ya kumbura ya yi bororo, yana ɓarewa kamar fatar ƙuna. Da na zo gidansu cin abinci ya ce wa ɗiyarsa, "Kawo wa Kawunki ruwa, yau ya sha rana wajen kankare aikin gaggawa."

Aikin da har yau ake tuna shi da shi a layinmu na wasu mata biyu ne, maƙwabta, katanga ɗaya ta raba su. Ɗaya tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kowa Nas yake ce mata. Ɗayar kuma Uwar Tagwaye. A da tare suke komai, Nas ce ma ta karɓi haihuwar tagwayen. Sai Uwar Tagwaye ta fara ganin farar hoda a gindin katanga ta wajen madafarta. Ta share yau, jibi ta dawo. A daidai lokacin kasuwar mijinta ta ja baya, ɗaya daga cikin tagwayen kuma ya kama yawan laulayi. Masu kai gulma suka haɗa mata ɗaya da ɗaya, suka ce barbaɗe ake yi mata, kuma wa ya san kan hoda da ƙulli kamar wadda ta yi rayuwarta cikin magani? Nas ta ji, ta yi fushi, ta ce ai ruwan wanke-wanken Uwar Tagwaye ne yake ruɓar mata da katanga, don ita ma ɓangarenta ya yi fari. Shekara biyu ko gaisuwa babu.

Nas ce ta kira ni in shafe mata katangar. Da na ga farin, na tuna shuɗin fentina, na ce sai Likita ya gani. Ya zo yana ɗingishi, ya duba, ya ce yana so ya ga ɗaya ɓangaren. Nas ta taɓe baki ta ce, "Sai dai ka je da ƙafarka, ni ba na shiga."

Muka zagaya muka yi sallama. Uwar Tagwaye ta nuna mana wurin daga nesa, ta ce kada mu taka. Likita ya tsuguna da ƙyar, ya dangwala, ya lasa. Matar nan ta ƙwalla ƙara ta dafe kai. "Wayyo Allah, bawan Allah ka kashe kanka! Tofar! Tofar!"

Ya ce, "Baiwar Allah, kwantar da hankalinki. Da wannan yana kisa da tuni matata ta gama takaba. Gishiri ne, kuma daga cikin bangon yake fitowa, ba daga hannun mutum ba."

"To me ya sa sai gidana?"

"Har gidan maƙwabciyarki. Can ma ya fi yawa."

Ashe ba ta taɓa sani ba.

Abin da ya ɗaure masa kai, tsakiyar rani ne amma gindin katangar da sanyi. Ya sa aka rufe famfunan gidajen biyu, ya ɗora kan rodinsa a ƙasa, ɗaya kan a kunnensa, yana matsawa taku-taku. A wani wuri ya tsaya ya miƙo mini. Na saurara, sai na ji wani siririn sauti, tsss, kamar maciji a rami. Aka kira mai gyaran famfo, aka cire bulo huɗu daga gindin katangar aka haƙa. Sai ga tsohon bututun ƙarfe duk tsatsa, ya tsage yana tsiyaya. Da mijin Uwar Tagwaye ya leƙa ramin sai ya riƙe baki. Ya ce shi da marigayi mijin Nas suka binne shi da hannunsu, shekarar da suka tare, lokacin gidajen biyu layin ruwa ɗaya suke sha.

Aka sauya bututu. Likita ya ce ba za a mayar da bulon ba sai katanga ta sha iska ta bushe, wata guda cif. Da lokacin gogewa ya yi kuma sai ya ce ƙugunsa ya tashi, ba zai iya tsuguno ba. Ya ba kowacce burushi, ya nuna musu yadda ake yi, ya zauna a kujera yana ba da umarni ta kafar da aka cire bulon. Ni na san ƙugun nan lafiyarsa ƙalau a ranar. Suna ta gurza, kowacce na ganin ƙafafun 'yar'uwarta. Can Uwar Tagwaye ta ce, ba tare da ta kira suna ba, "Burushin nan nawa ya cika taushi." Aka ɗan jima, sai ga hannun Nas ya zuro ta kafar da nata mai taurin.

Ba zan ce sun koma kamar da ba, don maganar da aka faɗa ba ta komawa ciki. Amma gaisuwa ta dawo, kuma da yaron ya sake kwanciya Nas ce ta duba shi ta rubuta musu inda za su kai shi.

Gidansa kuwa, bayan ɗakinsu akwai gishiri tun tarewarsu. Kullum Auta na mita, kullum sai ya ce gobe. Takan ce ita kaɗai ce majinyaciyar da ta auri likita ta rasa magani. Da yamma in ya dawo za ka same su a tsakar gida, tana shafa masa mai a hannuwa, don asid ya farfasa masa tafi har ba ya iya dunƙule yatsu sosai. Tana shafawa tana faɗa, shi kuma yana lumshe ido kamar ana yi masa waƙa.

Tari ne ya sauke shi daga aiki, yana da shekara sittin da 'yan kai. Lokacin ma sana'ar ta ja baya, masu gini sun koma manna tayil a fuskar gidaje, wasu kuma su sayo maganin feshi a galan su ba kowa ya fesa. Wata safiya ya aiko a kira ni. Ya ce, "Yaya, zaman ɗaki ya ishe ni. Samo mana mota mu zaga gari."

Na ɗauko tasi muka sa shi a gaba. Ya riƙa nuna hanya, yana kiran gine-gine kamar mai kiran tsofaffin abokai. Ga ɗakin karatun da ya yi wata biyu a kansa. Ga gadar da ya goge yana rataye da igiya, Auta ba ta sani ba sai bayan shekara. Wasu an rushe, wani an mai da shi wurin sayar da taya. Inda ya tarar aikinsa na nan, jan bulo ja wur, sai ya ce wa direba ya rage gudu, ya yi ta kallo har mu wuce.

A hanyar dawowa muka bi ta wani sabon gini. An jibge bulo a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kusa da kwata, ga buhunan siminti a buɗe. Ya ce a tsaya. Ya sauke gilashi ya kira birkilan wurin, wani ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya ce, "Ɗan'uwa, ɗora bulon nan a kan katako ka rufe shi. In ya sha ruwan nan, baɗi war haka ginin zai yi fari."

Mutumin ya dube shi, ya dubi tasi, ya ce, "Baba, kai injiniya ne?"

Tari ya sarƙe shi. Ni na leƙo na ce, "A'a, likita ne." Birkilan ya gyara tsayuwa, ya ce to, Allah ya ba da lafiya, za a yi. Muna tafiya na waiga ta gilashin baya na ga ya kira mutanensa sun fara jan katako.

Bayan wata biyu ya rasu, da hantsi, a ɗakinsa, Auta na gefensa. Allah ya jiƙansa da rahama.