Fiton da Si Layashi Yake Nema

"Yau ma ya kunna."

"Na ji. Har cikin haƙorina nake jin sa."

"To je ka faɗa masa mana."

"Ni? Kai da kuke cin bisara a kwano ɗaya ba ka faɗa ba, sai ni mai sayar da maɓalli?"

"In na ce masa injin nan yana fito, me na ce masa ke nan? Na ce masa kunnensa ya tafi. A tsakiyar kasuwa."

"To haka za mu zauna har mu haukace?"

"Ga auduga. Rabi naka, rabi nawa."

A ƙofar shagon tela aka yi wannan magana tsakaninsa da mai sayar da maɓalli, taku kaɗan daga inda Si Layashi yake sunkuye a kan aikinsa, kuma ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa ba.

Duk wanda ya taso a birnin Titwan ya taɓa jefa kwabo a injin wasa ya san Si Layashi, ko bai san fuskarsa ba ya san laƙabinsa: Mai Kunne. Da gyaran rediyo ya fara. Yana saurayi manyan akwatunan wasan nan suka fara shigowa ta Sabta, garin da ke ƙetaren iyaka, suka cika gidajen shayi, daga cikin gari har bakin teku a Martil. Dogaye ne kamar kabad, da gilashi a ƙirji, da sandar juyawa da maɓallan harbi. Idan suka lalace babu mai taɓa su, domin cikinsu ba irin na rediyo ba ne. Wani faffaɗan allo ne kore, an jera masa 'yan baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙafafu kamar kyankyasai sun yi sahu. Layashi ya sa kai ciki, bai sake fitowa ba.

Yadda ya samu sunan kuwa, ba ya buɗe inji sai ya saurare shi. Zai tsaya a ƙofar gidan wasa, yara na ihu, injuna na kuka kowanne da yarensa, ya karkata kai ya lumshe ido. Can sai ya nuna da haɓa. "Na kusurwa wuta ba ta isar sa. Na kusa da shi kuma mura yake yi." Matarsa Zuhur takan ce da a ce yana sauraren ta rabin yadda yake sauraren injuna, da tuni ta gama faɗin duk abin da ke ranta ta huta.

Daga baya gidajen wasa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, wasa ya koma cikin waya. Ya yi shekaru yana lallaɓa talabijin da tukunyar shinkafa ta lantarki. Sai kuma yaran da suka gigice da injunan nan suka girma, suka yi furfura da tumbi, suka shiga tono su daga ɗakunan ajiya suna kawo masa kamar masu kawo tsohon uba asibiti. Ya farfaɗo. Ya sake gyara gashin baki.

A kan teburinsa akwai na'urar da yake ji da ita, wadda ya saya wurin wani Basifaniye da ke rufe shago a Sabta. Girmanta kamar ƙaramar jakar tafiya, da maɓallai a jere da 'yar taga mai rubutun wuta, da faffaɗar igiya. Idan allo ya rikice, sai ya cire babbar ƙwayar, wadda ita ce ƙwaƙwalwar injin, ya soka bakin igiyar a gurbinta. Na'urar ta zauna a kujerar ƙwaƙwalwa, ta riƙa bin sauran ƙwayoyin ɗaki ɗaki tana tambaya: kai me ka ɓoye, ke me aka ba ki ajiya, maimaita in ji. Wanda ya yi ƙarya ta rubuta adireshinsa a taga. Shi ya sa yake kiran ta Kwastan.

"Ba ta karɓar na shayi," yakan ce wa masu kawo gyara. "Duk iyakar nan ita kaɗai ce."

Maƙwabcinsa na jikin bango shi ne Mufaddal tela, ƙaton mutum mai murya kamar ana buga ganga a cikin rijiya. Tare suke karyawa da bisara, wato faten wake, da man zaitun, tare suke zagin ƙungiyar ƙwallon garin. Mufaddal yana da kanari a keji a saman ƙofarsa, kuma tun bara Si Layashi ya sa tsuntsun a gaba.

"Mufaddal, har yanzu kana ciyar da beben nan? Da can yana cika mana kasuwa, yanzu sai buɗe baki kamar kifi. Soya shi ka huta."

"Tsufa ne, Mu'allim," in ji tela, idonsa a kan allura. "Kowa da inda yake kama shi."

Ba tsuntsun kaɗai ya yi shiru a duniyar Si Layashi ba. Butar shayi ta daina fito. Matan zamani sun daina buɗe baki in suna magana. Zuhur ta ambaci likita sau ɗaya, ya ce mata ta fara koyon magana da ƙarfi tukuna, ba ta sake ba. Muryoyi masu kauri irin ta Mufaddal ne kawai ba su ci amanarsa ba.

Ana haka Lalla Nazha ta zo, mai gidan shayi a Martil, da injin mahaifinta marigayi a bayan a-kori-kura. Wasan wasu ƙwari ne da ke saukowa daga sama, kai kana ƙasa kana harbi. Ta dafa gefen akwatin tana magana, shi kuma yana kallon leɓɓanta.

"Baba Layashi, ba hoton ne ya dame ni ba. In ƙwarin nan za su sauko, akwai wani fito da suke yi, siriri, yana gangarowa. Ina ƙarama, daga ɗakinmu na sama nake jin sa, in san Baba ya buɗe shago. Shi nake so in sake ji."

"Na san shi, 'yata," ya ce. "Ni na ɗaura wa injin nan lasifikarsa ta farko. Ki dawo ranar Asabar."

Aikin farko bai ba shi wahala ba. Kwastan ta kama ƙwaya guda da ta manta karatunta, ya sauya ta. Ya cire wasu 'yan gwangwanayen da suka bushe, ya narka dalma ya ɗaura sababbi. Hoto ya fito tas. Ƙarar fashewar nan mai kauri ta dawo, yana jin ta a ƙirji. Ƙwari suka sauko a jere. Fito kuwa babu.

Ya tambayi Kwastan, ta ce lafiya. Ya sake tambaya, ta ce lafiya. Sai ya yi abin da kowane gwani zai yi: ya nemo adireshin da ake aika wa umarnin fito, ya sa na'urar ta riƙa aika shi tana maimaitawa ba tsayawa, domin ya bi sawun saƙon da tsinken gwaji ya ga inda yake ɓacewa. Ya murɗe sauti har ƙarshe, ko zai ji ɗan motsi.

Daga ranar kasuwar ta shiga uku. Tun buɗe shago har la'asar fiton yana tsaga layin, siriri, yana gangarowa, yana komawa sama. Kyanwar mai kifi ta yi ƙaura. Mai sayar da maɓalli ya fara ba mutane zare maimakon zif. Masu wucewa sukan leƙo da faɗa a baki, Mufaddal ya tare su da ƙirji ya raka su gaba.

Ranar Alhamis da safe Si Layashi ya tsoma burodi a bisara, ya bar shi a ciki.

"Mufaddal, na sauya lasifika. Na sauya ƙwayar sauti. Waccan maƙaryaciyar, Kwastan, tana ta ce min lafiya. Tun da nake ban taɓa mayar wa mutum da kayansa na ce ya fi ƙarfina ba. In Asabar ta yi ban fito da fiton nan ba, zan ba yarinyar haƙuri, in miƙa makullin shago. Hannu ya gama."

"Haba Mu'allim, hannunka ƙalau yake."

"Kai me ka sani? Kai da hannun riga ɗaya kan fi ɗaya tsawo."

"Kafaɗarka ce a karkace, na sha faɗa maka." Tela ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ya dubi fuskar abokinsa, ya cusa burodi a maimakonsa.

Si Layashi ya koma teburinsa, ya danna maɓalli, ya ɗauki tsinken gwaji. Tsinken yana da 'yar fitila a gindi, tana ƙiftawa duk inda saƙo ke wucewa. Ya fara tun daga tushe, a hankali, kamar yadda ya saba. Ƙafar farko tana ƙiftawa. Ta gaba tana ƙiftawa. Ya bi layin har bakin abin ƙara sauti, saƙo na nan da ransa. Ya ɗora ma'auni a kan wayoyin lasifika, allura ta tashi tana rawa. Ya zauna yana kallon ta. Daga lasifika kuma babu sauran wata ƙwaya. Abin da ya rage a layin sai iska, sai kunnen mai saurare.

Ya ɗaga kai, abin da bai yi ba duk makon.

A saman ƙofar tela kanarin ya miƙe a kan sandarsa, maƙogwaronsa ya kumbura yana kaɗawa, baki a buɗe, duk jikinsa yana rawa. A ƙarƙashinsa Mufaddal yana ɗinki da kafaɗu a ɗage, farar auduga tana leƙowa daga kunnensa.

Si Layashi ya sa yatsa ya tsayar da Kwastan. Kafaɗun tela suka sauka. Mai maɓalli ya sauke numfashi ya shafa fuska. Tsuntsun ya karkata kai yana jiran amsa.

Ya sake dannawa. Kafaɗu suka tashi, tsuntsu ya kama. Ya tsayar. Ya danna. Bai taɓa yarda da gwaji ɗaya ba a rayuwarsa, bai kuma fara a ranar ba. A karo na ƙarshe Mufaddal ya waiwayo a fusace, idonsu ya haɗu, tela ya kai hannu kunne da sauri, amma ya makara.

Mufaddal ya taso ya tsaya a ƙofar Si Layashi, ya cika ta.

"Tun yaushe?" in ji Si Layashi.

"Injin? Tun Litinin."

"Tsuntsun nake tambaya."

"Bai taɓa yin shiru ba, Mu'allim. Ko ranar da ka ce in soya shi, zagin ka yake yi."

"Kuma kuka bar ni ina ta surutu."

"To me za mu ce? Kai ne Mai Kunne. Zuhur ta zo har shagona ta ce duk wanda ya faɗa maka a gaban mutane, ita da shi."

Si Layashi ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da gefen riga, ko da yake babu abin da ke jikinsa. Ya dubi Kwastan, wadda ya yi kwanaki yana kira maƙaryaciya, ya shafa mata kai da bayan yatsa. Ya zaro makullin shago daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Mufaddal ya bi makullin da ido.

"Yanzu injin ya gyaru ke nan," in ji tela a hankali. "Sai a kira Lalla Nazha."

"Wa ya ce maka ya gyaru? Yana fito, shi ke nan abin da ka sani. Akwai wani ɗan abin murɗawa a nan, shi ke saita gangarowar. In ya yi sauri, kukan ɓera ne. In ya yi nawa, motar asibiti ce. Ba wannan ne yarinyar take nema ba." Ya dubi abin murɗawar. "Ni na san yadda ya kamata ya kasance. Yana nan cikin kaina, ko numfashinsa bai ɓace ba. Sai dai ba ni da hanyar zuwa wurinsa."

"Ni ma ai na san shi," Mufaddal ya ce. "Duk kuɗin da babana ya ba ni na sayen zare, a cikin injin nan suka ƙare. Har yau akwai tabon bulala a bayana."

Si Layashi ya dube shi daga sama har ƙasa, kamar yadda yake duban kayan gyaran da aka kawo daga gwanjo. Sai ya ture makullin gefe, ya rage sauti, ya ɗauko siririn sukundireba ya ɗora a kan abin murɗawar. Da ƙafa ya jawo kujerar baƙi kusa da tasa.

"Cire audugar nan, ƙaton banza, ka zauna nan ta hannun damana. Ka fuskance ni in za ka yi magana. Zan murɗa a hankali, kai kuma ka rufe ido ka saurara. Don Allah Mufaddal, in ya kai daidai yadda ka san shi kana yaro, ka ce min in tsaya."