Shaidar da Ayuba Ya Bayar a Coci

Ranar Talata ce. Na dama koko, mijina Ayuba yana zuba albasa a buhu a tsakar gidanmu a Bawku. Lahadin da ta wuce ya tashi a coci lokacin ba da shaida. Ya ce 'yan bindiga sun tare lorinsu a hanya, Allah ya tsare shi, har ya ga fuskokinsu su ba su lura ba. Jama'a suka yi tafi. Ni ma na yi.

Ƙarfe bakwai da rabi na ji babur ya tsaya. Aka buga ƙofa.

"Ayuba, fito!"

Na san muryar. Mai ita ya sha cin tuwo a gidan nan. Shi ya sa Ayuba ya buɗe. Harbi uku. Babur ya tashi. Kaji suka ci gaba da tsattsagar ƙasa.

Ƙarfe goma ƙanen Ayuba, Bulus, ya tura ni da 'yata cikin motar shanu. Ba mu tsaya jana'iza ba. Da la'asar muka isa Yendi, jini ya bushe a zanena. Wata Hajiya a tasha ta ba ni nata, ba ta tambaye ni komai ba. Washegari muka shiga Salaga, gidan yayata.

A cocin Salaga fasto ya karanta wurin da ke maganar waɗanda aka kashe saboda shaidarsu, a Littafi Mai Tsarki. Suna ƙarƙashin bagade, wurin miƙa hadaya, suna kuka ga Ubangiji, har yaushe kafin ya rama jininsu. Aka ba su fararen riguna, aka ce su ɗan jira. Fasto ya ce darasin haƙuri ne. Ni abin da na ji dabam. Suna gaban Allah, ba su manta ba, kuma ba a tsawata musu ba.

Bulus ya biyo mu. Ya riga ya sayi bindiga. Ya durƙusa a gabana.

"Matar yaya, faɗa mini sunansa kawai."

Shi kaɗai ne namijin da ya rage wa uwarsu. Na hana shi. Ban yafe ba. Kullum da safe ina faɗa wa Allah sunan mai muryar, da na ubansa, da unguwarsu. Ina roƙon shi ma ya ji an kira shi da muryar da ya sani.

Bulus bai ƙara yi mini magana ba. An ce gefen gonar gero aka binne Ayuba. Ban ga kabarin ba.