Shunin da na ƙara a ɗakin Hajiya

A lokacin da abin nan ya faru ni mai shafe ne a Makka, shekaruna talatin da 'yan kai, ina zaune a unguwar Misfala da matata da 'ya'yanmu biyu. Mahaifina marini ne daga ƙasar Kano. Da ƙafa ya taso zuwa hajji, ya yi shekaru a Sudan yana rini yana tara guzuri, a can aka haife ni, na shigo Makka a goye. Karatun boko kuwa sai yanzu da furfura ta fara fito mini na same shi, wajen wani malami da ya zo hajji ya zauna, yake koya mana bayan la'asar. Da hannuna na rubuta wannan wasiƙa, kwana tara ina yi, don haka a yi haƙuri da ni. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Sana'ata ita ce shafa nura, wato farar ƙasar da ake toyawa a bayan gari a kawo a kan jakuna. Idan hajji ya kusa aiki yakan yi mana yawa, domin kowane mai gida yana son ya gyara ɗakuna kafin baƙi su sauka. Larabawa fari kawai suke so, ka shafa ka tafi. Indiyawan da ke sayar da yadi da turare kusa da Harami su ne masu ba da wahala, kuma wurinsu na fara jin cewa launin bango yana taɓa zuciya. Inda ake cin abinci sai su ce a sa ruwan ɗorawa, wai yana buɗe ciki yana kawo hira. Inda ake salla da karatu kore mai haske. Ɗakin kwana shuɗi, amma shuɗin da kusan ba ka ganinsa, wai yana sanyaya ido ya kwantar da rai. Ja ba sa yarda da shi ko kaɗan a inda yara suke, sun ce yana sa su faɗa. Mu masu shafe dariya muke yi musu a bayan ido, muna cewa mutanen nan har bango ma sai sun sa masa kayan yaji.

Wata shekara wani attajirin yadi, Ba'indiye mai fara'a da ya daɗe a Makka, ya kira ni gidansa. Kullum da zolaya yake kirana mu'allim, wato ubangidan aiki, ko da yake ya san ni kaɗai ne da bokitina. Ya ce mahaifinsa ya rasu a Indiya, mahaifiyarsa tana kan jirgin ruwa tana zuwa. Tun tana yarinya burinta shi ne ta ƙare kwanakinta a Makka a binne ta a nan, ga shi Allah ya kawo lokacin. Ya kai ni wani ƙaramin ɗaki a bene na uku mai taga ɗaya ta katako, ya ce yana son ya zama kamar ɗakinta na gida, don kada baƙunta ta dame ta. Ya ba ni ɗan dunƙulen shuni, ya nuna mini da yatsu biyu, ya ce iya abin da suka ɗauka zan zuba a kowane bokiti, kada in ƙara, launin ya fito kamar sama da hantsi.

Na karɓa na ce to, amma a raina na raina abin. Ni ɗan marini ne. A gidanmu idan zane ya fito daga karofi da haske-haske, abin kunya ne, mahaifina yakan jefar da shi gefe ya ce wannan bai sha ba, na matsiyata ne. Shuni mai daraja shi ne wanda ya yi duhu har yana ƙyalli, shi sarakai da manyan mata suke ɗaurawa. Sai na ga kamar rowa ce irin ta 'yan kasuwa, mutum ya auna wa uwarsa shuni da yatsu biyu. Akwai ragowar shunin mahaifina a cikin buhu tun rasuwarsa, ban taɓa taɓa shi ba. Na ɗebo da yawa na jiƙa, na dama da nura, na shafe ɗakin sau uku har rufi. Wallahi karramawa na nufa. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina jin daɗi, ina cewa tsohuwar nan za ta kwana cikin rigar sarauta.

Da attajirin ya hau ya gani sai fara'arsa ta ɗauke. Ya ce mu'allim, mene ne wannan, ɗaki na ba ka ko rijiya? Na ce ai ɗanye ne, idan ya bushe zai washe. Bayan kwana biyu ya bushe, bai washe ba sai kaɗan. A nan ne na yi abin da har yau yake cina. Maimakon in ce na ƙara shuni, sai na ce masa nurar Makka haka take shan launi saboda zafin garin, ko wa ya kira abin da zai samu ke nan. Ya dube ni ya dubi bango, ya ce ni na san aikina. Jirgi ya riga ya iso Jidda, ba lokacin sakewa, ya tafi ya taho da mahaifiyarsa.

Matata tana yi wa matan gidan wanki, ita ke shiga inda ni ba na shiga, kuma daga bakinta na riƙa jin sauran labarin. Ta ce Hajiya ta iso da kuzarinta, 'yar ƙaramar tsohuwa mai yawan magana, ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya amma tana ta shafa kan jikoki tana ba su alewa daga bakin mayafinta. Kwanakin farko kullum sai an kai ta Harami. Daga nan ƙafafunta suka kumbura saboda hawan bene, ta koma zaman ɗaki. Cikin sati uku magana ta ragu. Abinci sai a kai a dawo da shi an ɗan taɓa gefe. Jikokin da ke rububin zuwa wurinta suka daina shiga, ƙaramar ta ce tsoro take ji. Matata ta ce takan same ta zaune a bakin taga ta manna fuska da katako, ta juya wa ɗakin baya.

Ranar da matata ta fara shiga ɗakin da kanta, ta dawo gida ta ajiye ƙullin wanki ta ce maigida, kai ka shafe ɗakin can? Na ce ni ne. Ta ce to Allah ya isar wa baiwar Allah, ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta daina cin dusa, da rana tsaka sai ka lalubi takalminka. Ta tambaye ni ina shunin Baba da ke cikin buhu, don ta ga buhun ya ragu. Na daka mata tsawa na ce mace ba ta san aikin shafe ba, ta tsaya ga sabulunta. Ta ce ita dai ba ta san shafe ba amma ta san kabari idan ta gan shi. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, sai dai duk ranar da ta dawo takan faɗa mini abin da Hajiya ta ci, loma nawa, ba tare da ta dube ni ba.

An kira mai magani na Indiyawa ya ba da jiƙe-jiƙe. An yi tofi a ruwan Zamzam. Wasu suka ce kambun baka ne, wasu suka ce kewar mijinta ce. Ni ina bene na biyu ina shafe ɗakunan da za a ba alhazai, ina jin hawa da saukar masu dubiya, na san abin da na sani na yi shiru. Abin da nake tsoro shi ne a ce Takruni, kamar yadda suke kiran mu mutanen ƙasar Hausa, ya yi ƙarya, labari ya zaga kasuwar yadi, kowa ya daina kirana. Haka aka yi hajji aka gama. A Arafat ma a kwance Hajiya ta yini cikin tanti.

Bayan hajji matata ta zo mini da maganar da ta karya ni. Hajiya ta roƙi ɗanta ya mayar da ita Indiya tare da alhazan garinsu. Matar da ta yi shekara sittin tana addu'ar ta mutu a Makka, ita ce take kuka a fitar da ita. Ɗan ya yi lallashi har ya gaji, ya nema mata wuri a jirgi. Saura kwana shida su tashi na je kantinsa da safe, na tsuguna a gaban mutane na faɗa masa komai, har da buhun mahaifina. Da na gama bai zage ni ba, ya ce da a ranar farko na faɗa masa, da dariya kawai zai yi ya ce in sake. Ya ce shi ma da laifinsa, sau nawa yana shiga ɗakin yana jin ƙirjinsa ya yi nauyi, bai taɓa kawo bango a ransa ba.

A ranar aka sauko da Hajiya ɗakin surukarta, matar ɗan. Na yi kwana biyu ina kankare bangon har yatsuna suka fashe, na shafa fari sau biyu, sannan na auna shuni da yatsu biyu kamar yadda aka ce mini tun farko. Da ya bushe aka hau da ita. Ina tsaye a matakala, na ji muryarta ta tashi, tana ta magana da yarensu ba tsayawa. Surukar ta faɗa wa matata cewa Hajiya ta shafa bangon da tafin hannu ta ce wannan ɗakinta ne na gida. Sannan Hajiya ta faɗi abin da ta ɓoye wata uku. Ita a zatonta ɗanta ne ya zaɓa mata wancan launi da gangan, ɗakin makoki ya shirya mata, yana nuna mata cewa jiran mutuwarta kawai ake yi. Ba ta tambaya ba domin uwa ba ta raina abin da ɗa ya ba ta. Ɗan yana jin haka ya faɗi a ƙafafunta yana kuka kamar yaro.

Ta ci abinci a ranar, jikoki suka dawo suna hawa gadonta. Na yi zaton an gama, za ta fasa tafiya. Ba ta fasa ba. Ta ce ta yafe wa ɗanta abin da bai yi ba, ta yafe wa mai shafe abin da ya yi, amma zuciyarta ta riga ta tashi, kuma ta aika wa 'yarta da ke Indiya cewa tana tafe. Ta ce in Allah ya so za ta dawo baɗi. Ta sa aka kira ni bayan labule, ta yi mini addu'a doguwa wadda ban fahimci ko kalma ɗaya a ciki ba sai amin. Kafin baɗin ta zo, takarda ta iso cewa ta rasu a garinsu, a can aka binne ta.

Na sani kwana da ƙasar da za ta rufe mutum duk a rubuce suke. Na sani kuma akwai rashin miji da baƙunta da ciwon ƙafa a cikin abin da ya same ta, ba bango kaɗai ba. Amma ban taɓa iya cire hannuna daga ciki ba. Har yau ina shafe, kuma yanzu kafin in jiƙa nura sai na tambayi wanda zai kwana a ɗakin, ba wanda ya kira ni kaɗai ba. Ina roƙon 'yan'uwana masu aikin hannu, idan kun shiga gidan mutanen da ba naku ba, aka ce ku yi abu kaza, ku yi shi yadda aka ce ko da kuna ganin naku ya fi kyau, domin abin da yake girmamawa a gidanku yana iya zama baƙin ciki a gidan wani. Idan kuma kun riga kun ɓata, ku faɗa a ranar. Gyaran ɗakin nan kwana huɗu ya ɗauke ni, ni kuwa na bar tsohuwa a cikinsa wata uku.