Banɗakin Baba Ƙarami da Cittar da Ta Sha Wanka

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci Kirsimeti, shekarar da nake aji huɗu, wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu a Kafanchan ta sauke kwalayen tayil. Na Baba Ƙarami ne, ƙanin babanmu, wanda cinikin citta ya karɓe shi a shekarar. Gida ɗaya muke, rijiya ɗaya, amma daga ranar ɗansa Ishaku ya daina tafiya irin ta mutane. Sa'ana ne, ajinmu ɗaya, jiya-jiya tare muke korar awaki daga shanyar citta, yau ga shi yana gaishe ni da gira.

Mu a ɓangarenmu wanka a bayan zana ake yi, a kan wani faffaɗan dutse mai santsi da ya kayar da kowa a zuriyarmu har da kaka. Kana cuɗa jiki agwagi suna leƙenka. Su kuwa aka gina musu ɗaki guda jikin siton citta, aka ɗora duro a bisa, aka jawo fayif mai kai kamar gwangwanin ban-ruwa. Malam Sani magini ya ce a bari ya shafe ƙasan da kwalta, ya hau da ita bango kamar taƙi guda, a tare ruwa a ciki ya kwana a ga ko zai ragu, sannan a shimfiɗa tayil. Baba Ƙarami ya ce baƙi na tafe daga Kaduna, ba zai nuna musu baƙin ƙasa ba. Ya ƙwanƙwasa tayil ɗaya da farce ya ce, "Malam, wannan ai faranti ne. Ka taɓa ganin faranti yana yoyo?" Malam Sani ya ce shi dai tsakanin farantan yake ji, ya ɗauki cokalinsa na gini ya ci gaba da aiki.

Ranar Kirsimeti bayan sujada, rabin majami'a ta biyo mu gida. Ba shinkafa ta kawo su ba. Dattawa suna cire takalmi su leƙa banɗakin, su fito suna girgiza kai. Ishaku, wanda a da sai an bi shi da bulala yake taɓa ruwa, ya koma wanka kamar ɗan kada. Yana fitowa zai bi ta gabana a hankali don in shaƙi sabulun. Ni kuwa sai in kau da kai. Har addu'a na yi duron ya faɗo, na ƙara da cewa kada dai ya taɓa kowa sosai.

Mamar Ishaku, Anti Rifkatu, ta ce kaushin ƙafata zai kankare mata tayil. Da na dame ta da naci, ta ce in riƙa cika duron kullum kafin makaranta, ranar Ista da safe sai in shiga. Na yarda. Daga rijiya zuwa tsani, daga tsani zuwa rijiya, na ɗebi ruwan da zai ishi magangarar ruwan Matsirga zuba na shekara. Kowace yamma ina goge dugadugaina da dutse har suka fi fuskata kyau. Ishaku kuma yana ciki yana waƙa, yana ƙwala mini kira wai ruwa ya yi ƙasa.

Ana gobe Ista, dillali ya zo ɗaukar cittar da aka ajiye ana jiran ta yi daraja. Aka buɗe sito, wani wari ya tarbe su. Bangon da ke jikin banɗaki ya jiƙe sharkaf, buhunan layin ƙasa sun yi fumfuna, sun fito da gemu kamar tsohon bunsuru. Duk ruwan da na yi watanni ina hawa da shi ya bi tsakanin farantan nan ya sauka a kan citta. Baba Ƙarami ya aika aka kira Malam Sani, ya zo da guduma. Ina tsaye da sabon sosona a hannu aka farfasa ƙasan. Kuɗin gyara ya bi citta, ɗakin ya zama na kaji.

Na tsinci ɓallin tayil guda na ɗora a kan dutsenmu. Ranar Ista a kansa na yi wanka, da ƙafa ɗaya.

Bana na gyara nawa banɗakin a Sabon Tasha. Na tsaya a kan magini ya shafa maganin hana yoyo, ya bushe, ya sake shafawa, ya bi kusurwoyi da bakin magudana, muka tare ruwa ya kwana bai ragu ba. Tayil ɗina ya fi na Baba Ƙarami kyau nesa. Na bar ƙofar a buɗe duk yini, 'ya'yana suka wuce suna latsa waya, ko maƙwabci ɗaya bai cire takalmi ba. Na kira Ishaku na ba shi labari, ya yi dariya ya tambaya ko akwai mai cika mini duro.

Nawa ba ya yoyo, amma na Baba Ƙarami ne aka yi wa layi.