Izinin da Ya Iso Bayan Shanu

Shekara tara ke nan da munka kai ƙanena Malam Ummaru makwancinsa a Kebbe, Allah ya jiƙanshi da rahama. Ni ce Kulu, yayarshi. Ni na goye shi bayan mahaifiyarmu ta rasu, a gidanshi kuma na zauna bayan mijina ya riga ni gidan gaskiya. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, faɗi nikai ana rubutawa, kuma na gargaɗi mai rubutun kada ya gyara mani magana don ta yi daɗi. So nikai takardar nan ta shiga zaurukan malaman Tambuwal da Sanyinna kafin ruwan farko ya sauka.

Ɗakina yana jikin zauren da Ummaru ke ba da karatu. Nan nika zama da mazarina da audugata, duk abin da anka faɗa a zaure yana shiga kunnena, ko da ban san baƙaƙen rubutu ba. Saboda haka kada wani ya ce tsohuwa ta shiga abin da ba ta sani ba. Littafi ne ban sani ba. Wanda ya shiga zauren nan da wanda ya fita, da yadda fuskarshi take sa'ad da ya fita, wannan na sani.

Kowace shekara in anka kwashe amfanin gona, Fulani kan sauko da shanunsu su ci kara, su yi rani a fadama. Cikinsu akwai masu son karatu, babbansu wani dogon dattijo, Arɗo Sanda. To karatu a ƙasar nan yana da jerinshi. Littafi ake ɗauka daga bangon farko, layi bayan layi, ba a tsallake komi, sai an sauke shi a ɗauki na gaba. Babin tsarki ne farko. Zakkar shanu tana can ciki da nisa, hukuncin ɓarna in dabba ta shiga gona ya fi ta nisa, yana cikin wani littafin daban. Bafulatani kuwa hadari na haɗuwa a gabas sai ya naɗe igiyar maruƙa ya yi arewa. In sun komo baɗi sun manta, sai a sake daga farko.

Wata rana da hantsi na ji Arɗo Sanda ya katse karatu ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Rani nawa kana yi muna wanka? Mun tsarkaka hakanan. Yaushe za mu kai ga saniya?"

Zaure ya ɗauki dariya, Ummaru ma ya yi. Amma da anka kai mashi tuwo ranar nan, kwanon ya komo kusan yadda ya tafi.

Daga nan ya shiga aikin da ya cinye sauran rayuwarshi. Ya bi littattafanshi yana tsamo abin da ya shafi mai kiwo: yadda matafiyi ke salla, abin da za a yi in babu ruwa, zakkar shanu, amanar dabbar da anka ba ka kiwo, rabon garke in mai shi ya rasu, da wa ke da laifi in shanu sun ci gona. Ya jera su yadda za a fara da kaka a sauke kafin ruwa, bayani kuma cikin Hausa da Fillanci. Na ce mashi, to madalla, sai a kira su Arɗo. Ya ce ba haka ake yi ba. Wanda ya ba ka karatu ya ba ka shi da jerinshi, in za ka sake jerin sai ka koma wurinshi, ya zauna da shaidu ya saurara daga farko har ƙarshe, sannan ya ce ya yarda.

Malaminshi Malam Tukur ne na Tambuwal. Shi ma ya rasu, kuma ba zan yi mashi ƙarya ba, ba mugu ba ne, yana son Ummaru. Da Ummaru ya kai mashi maganar, abin da ya tambaya shi ne, "In ka ɗebo babi nan ka ɗebo babi can, gobe anka tambayi ɗalibinka wa ya ba shi, mi zai ce?" Tambaya ce mai nauyi, na yarda. Ya ce a cire babin gado, wannan na alƙalai ne, sannan a kai wa abokinshi na Sanyinna ya duba. Ummaru ya cire, ya kai. Na Sanyinna ya ce karatun da babu gado cikinshi guntu ne, a mayar. Ya mayar. Da ya koma Tambuwal sai anka ce ai sai an haɗa su biyun da liman a zama ɗaya. Da damina kowa na gona. In azumi ya zo kowa na tafsiri. Ranin da anka sa rana, na Sanyinna ya tafi Sakkwato gaisuwa ya daɗe. Babu wanda ya taɓa ce mashi a'a. Da an ce a'a, da ya san inda shike tsaye.

Jakinmu ya san hanyar Tambuwal har ba a kora shi. Ni ke ɗaura wa Ummaru guzuri, ni ke tarbarshi in ya komo ƙafafu sun yi futu-futu, in duba fuskarshi tun daga bakin ƙofa in san amsa. Su Arɗo Sanda kuma kowace kaka su zo su zauna, a sake yi musu wanka, in za su tashi Ummaru ya raka su yana cewa, "Baɗi in Allah ya so."

Wata shekara na kasa haƙuri. Na tare shi a tsakar gida na ce, "Ummaru, wa zai gani? Tambuwal na da nisa. Ka rufe zaure ka karantar da mutanen nan, tsofaffi ne, ba su da baɗi da yawa."

Ya sunkuyar da kai yadda shika yi tun yana ƙarami in na yi mashi faɗa, ya ce, "Yaya, in na buɗe wagga ƙofa da hannuna, wanda zai biyo bayana ko alwala bai iya ba, shi ma ta nan zai shiga, kuma da sunana zai kare kanshi."

Na ce mashi tsoro ne kawai ya naɗa wa rawani. Maganar ta yi zafi, amma haka na gani a lokacin.

Sai annobar shanu ta zo. Waɗanda sunka ga shekarar nan ba su buƙatar in tuna musu. Fadama ta cika da wari, ungulu sunka ƙoshi har ba su iya tashi. Matan Fulani da nika ba gero su ba ni nono sunka riƙa zuwa da ƙwarya wofi suna roƙon dusa. A cikin wannan rani ne Allah ya haɗa malamai uku a zaure ɗaya a Tambuwal. Sunka saurari Ummaru har ƙarshe, sunka ce aiki ya yi kyau, babu abin gyara, an ba shi izini.

Arɗo Sanda ya zo da sandarshi a kafaɗa, babu ko ɗan maraƙi bayanshi. Ummaru ya fita da murna ya ce mashi izini ya samu. Arɗo ya dube shi, ya yi wata dariya da har yau ba na son tunawa, ya ce, "Zakkar mi, Malam?" Duk da haka ya shiga ya zauna, shi da wasu tsofaffi kaɗan. Ina bayan bango ina jin ƙanena yana yi wa mutanen da ba su da saniya ko ɗaya bayanin maraƙin da ake fitarwa daga garke. Ba su kai ƙarshe ba. Yunwa ta watsa su kafin ruwa, ciwon ƙirji kuma ya kwantar da Ummaru cikin damina, bai tashi ba.

Ga inda abin ya fi ci mani rai. Izinin nan da sunan Ummaru anka ba da shi, kuma babu wanda ya sauke karatun a hannunshi balle ya gada. Ɗanshi Mamman yana can gabas neman ilimi sa'ad da uban ya rasu. Ya komo ya tarar da takardun cikin gafaka, jakar fatar da uban ke ajiye littattafai, ya karanta su har ya haddace, amma anka ce karanta takarda daban, karɓa daga baki daban. Sai ya sake neman zama daga farko, wurin waɗanda sunka gaji Malam Tukur. Jakin ya mutu, ɗan jakin ne Mamman ke hawa yanzu, hanyar dai ita ce.

Shanu sun fara komowa, kaɗan-kaɗan. Arɗo Sanda ya rasu, ɗanshi Bello ne ke jan garke, magidanci ne mai 'ya'ya, mai son sanin addininshi kamar ubanshi. Sai ga wani baƙo mai shuɗin rawani ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya a kasuwar Fakku. Babu wanda ya san wa ya ba shi karatu, shi kuma bai nemi izinin kowa ba. Yana jin Fillanci, yana amsa duk abin da anka tambaya nan take, kuma amsarshi kullum mai daɗi ce. Shi ya ce wa wasu makiyaya da zarar an fara yankan dawa a gari, gona ta zama ta kowa, ko da dammunan dawa na tsaye ba a kwashe ba. Kakar da ta wuce anka fasa kan mutum a gonar maƙwabcinmu saboda wannan magana. Na je na gani da idona, ni na riƙe matarshi. Babin da ke warware wannan yana cikin gafakar Ummaru, a rataye jikin bango, kusa da inda nika kaɗi.

Kullum nikan tambayi kaina, da Ummaru zai ɗaga kai ya ga yau, mi zai ce? Na san zai nuna mani mai shuɗin rawani ya ce, Yaya, ga wanda na gaya maki. Kuma gaskiyarshi. Amma ni ma ina da abin nuna mashi. Shi bai buɗe ƙofar nan ba, ya tsare ta har ya mutu, mutumin kuma ya shigo. Jiran da anka sa shi ne ya share wa baƙon nan wuri a gindin tsamiya. Wanda ya zo da tambaya a bakinshi ba ya komawa da ita daji, sai ya sauke ta wurin duk wanda ya samu zaune.

Ku malamai, ba na raina ku, ku ne idon gari. Ba na ma roƙon ku ce kun yarda. Ku zauna ku ji, shi ke nan. In ɓata ne cikin takardun nan ku ce ɓata ne, ni da kaina zan sauke gafakar in ɓoye ta. Amma Mamman ya komo daga Tambuwal shekaranjiya, na dubi fuskarshi daga bakin ƙofa, na ga fuskar ubanshi. An ce a bari sai bayan damina.

Da na auna abin da ya rage na ƙanena, ban ga gona ba, ban ga ɗalibai masu yaɗa sunanshi ba. Na ga gafaka ɗaya, da ɗa wanda ba zai karantar da harafi ba sai an ba shi izini. Na gwada Mamman da maganar da na gwada ubanshi, ya sunkuyar da kai ya ba ni amsar ubanshi, alhali bai taɓa jin ta ba. Wani lokaci in gode wa Allah a kan wannan gado, wani lokaci in ji ya tsaya mani a ƙirji.

Jiya Bello ya zo zaure. An ba shi shanun wani maraya kiwo, ɗaya ta mutu a hannunshi, yana son ya san ko akwai ramuwa a kanshi kafin su tashi, yana kuma so a fara mashi karatun nan ko da babi ɗaya ne. Mamman ya ce a kan saniyar ya tafi wurin alƙali, karatu kuwa sai baɗi in Allah ya so. Bello ya ɗauki sandarshi, ya leƙo ta ƙofata ya gaishe ni, ya ce, "Goggo, haka anka ce wa babana." Na ce na sani, ina nan anka faɗa.

Da ya fita Mamman ya tambaye ni ko a naɗe tabarmin zaure, tunda babu mai zuwa. Na ce ya bar su a shimfiɗe.

Gabas ta fara yin baƙi da yamma. Gobe kasuwar Fakku, kuma hanyar da ta fito daga fadama tana rabuwa biyu a ƙofar gidanmu, ɗaya ta nufi wurin alƙali, ɗaya ta nufi gindin tsamiyar nan. Zan fito da mazarina in zauna nan, in ga wadda Bello zai bi.