Ranar da Talabijin Ta Ɗauki Inna Tana Shiƙa

Mun sha wahala a kakar nan, ba ni da wani suna da zan ba ta. Shekarun farko ne bayan an yanke mu daga Sakkwato an ce mun zama jiha. Kowa a Birnin Kebbi yana da abin da zai kawo wa ƙauye, mu kuma da ke ƙauyen ba wanda ya tambaye mu abin da muke so. Yanzu in na ce ina kewar lokacin, 'ya'yana dariya suke yi, don sun san ni da mita. To ina kewarsa. Wahalar ma ina kewarta, saboda yawancin waɗanda muka sha ta tare sun kwanta dama.

Garinmu yana hayin gulbi, ba nisa da Argungu. Ta ƙasa fadama ce, shinkafa da albasa, ta sama kuma jigawar gero. Tsakaninsu akwai wani tudu, faƙo ne fetal, ko ciyawa ba ta fita a kansa. Nan ne masussukar gari tun kafin a haifi kakana. Iska ba ta yankewa a wurin. Ko ranar da ganye ba ya motsi a cikin gari, in ka hau tudun nan sai ka dafe hularka. In kaka ta yi maza su kai dammuna su bugi shinkafa, mata su yi sussuka su yi shiƙa, ƙaiƙayi ya yi yamma, tsaba ta zubo ƙasa tas.

Mahaifiyata, Inna, da shiƙa ta rene mu bayan rasuwar babanmu. Takan yi wa mutane, su sallame ta da hatsi, abin da ta tara a kaka shi muke ci har damina ta kankama. Har na girma, na yi aure, na karɓi 'yar gonar da babanmu ya bari, ba ta daina ba. Rumbunta daban, tukunyarta daban. Ba ta yarda ta ci daga hannun kowa ba, har ni da ta haifa. In ta ɗaga ƙwarya sama da kanta ba ta zubawa nan take, sai ta ɗan tsaya ta karkata kai kamar mai sauraren sallama, iska na tasowa ta saki.

Wata rana mota ta zo da mutane daga Birnin Kebbi, da wani Bature da rana ta gasa wa wuya. Suka kafa dogon ƙarfe a tsakiyar tudun, da wasu 'yan kofuna a samansa suna ta juyawa. Muka ɗauka na awon ruwan sama ne, muka kewaye shi muka ci gaba da aikinmu. Sai da shekara ta kusa zagayowa suka dawo da turaku masu jan fenti, suka bi gefen tudun kaf suna kafawa. A ranar muka ji zancen. Za a dasa manyan turakun ƙarfe, kowanne da fanka wadda ta fi rufin ɗaki faɗi, iska ta juya su, su ba da wuta su jawo ruwa. Kuma za a kewaye wurin da waya, don akwai haɗari.

Ƙanen babana shi ne sarkin noma, Baffa muke ce masa. Shi ya yi magana a madadinmu.

"Ba mu ƙi wuta ba," in ji shi. "Ku matsa da ita gaba kaɗan, ga fili nan har ya gaji da kwanciya."

Shugabansu ya ce sun auna, duk yankin nan babu inda iska ta kai ta tudun nan.

"Ai mun sani, ɗana," in ji Baffa. "Shi ya sa munka riga ku zuwa."

Aka yi dariya har da su, amma turaku ba su motsa ba. Mata ne suka motsa su. Kafin sati ya ƙare an tumɓuke su duka, ni da idona na ga mai jan fenti a murhun Inna. Da na yi magana ta ce itace ne mai kyau, ba ya hayaƙi. Mutanen suka dawo da na ƙarfe, suka zuba musu siminti.

Daga nan sai zirga-zirga. Mu je Argungu a ce mu je Birnin Kebbi, mu je Birnin Kebbi a ce mai wurin ya tafi taro. Ni nake raka dattawa don ni ne mai ƙarfin ɗaukar jakar guzuri. Mu zauna a benci har ƙafa ta kumbura, mu yi azahar, mu yi la'asar, masinja ya fito ya ce mu dawo jibi. Ga shinkafa ta nuna a fadama, tsuntsu yana ci.

Wani ɗan garinmu da ke koyarwa a Birnin Kebbi shi ya kawo shawarar talabijin. Ya ce takarda tana iya kwana a ƙarƙashin wata takarda, amma abin da aka nuna a labarai gwamna da kansa zai gani. Ya san wani a gidan talabijin na jiha, ya roƙa, aka sa rana. Kafin ya koma ya ja mana kunne. Ya ce mu fito yadda muke, da kayan aiki, kuma wanda aka miƙa wa makirfo ya fara da kukan da ya tara mu, kada ya tsaya gaisuwa.

Mai gari ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam, kai ka san boko, mu mun san baƙi. Jiha duka za ta gan mu, ka ce mu hito da tsumma? Kuma mutum ya taso tun daga Birni, ka tare shi da kuka tun bai sha ruwa ba?"

Ba wanda ya goyi bayan malamin, har ni. A wurinmu ba a haka. Ko gun surukinka ka je da ƙara, sai ka gaishe shi, ka tambayi gida, ka gode masa a kan alherin bara, sannan ka kawo abin da ya kawo ka. Mai fara magana da kuka, ko yana da gaskiya, an raina tarbiyyarsa.

Aka share gari har bayan masallaci. Aka fito da rigunan Sallah daga adaka, suna warin kafur. Masunta suka kawo giwan ruwa, mata suka tuƙa tuwon shinkafa, aka dama fura. Na tuna hasken safiyar nan, da yadda kowa ke tafiya a hankali don kada riga ta yi datti. Ban sake ganin garinmu ya yi kyau haka ba.

Su uku suka zo: mai tambaya, direba, da wani siriri mai ɗauke da kyamara a kafaɗa kamar buhun gero. Suka ce sauri suke yi. Mai gari ya ce ba mai buɗe baki sai an ci abinci. Suka ci, suka ƙara, siririn nan har da neman kan kifi.

Muka hau tudu. Mata suna shiƙa, su ma da sababbin zannuwa, sai Inna kaɗai da ta ce ba ta sa zanen biki ta shiga ƙaiƙayi. Mai kyamara na ganinta ya manne mata. Ya durƙusa, ya miƙe, ya zagaya ta bayanta.

"Inna, ɗaga ki zuba mana."

"Iska ba ta taho ba, ɗana."

"Ki zuba hakanan, hoto ne."

"Hatsin mutane na, ba hoto na ba. Ka jira kamar yadda ni ka jira."

Ya jira kuwa. Ya daɗe a kanta, ya ɗauka ya sake ɗauka, mu muna jin daɗi an ga aikinmu.

Sannan aka zauna a tabarmi aka fara jawabi bisa tsari. Liman ya buɗe da addu'a, bai bar kowa ba, daga gwamna har masu jinya. Mai gari ya gode wa gwamnati da ta ba mu jiha, ya gode da hanyar da aka ce za a yi, ya gode wa baƙi da suka taka ƙasarmu. Dattawa suka bi sahu, kowa ya gaida na gabansa ya ƙara godiya a kan godiya. Baffa ne na ƙarshe, don shi aka ɗora wa kukan. Shi ma bai iya tsallake gaisuwa ba, ga mai gari zaune, ga baƙi. Ya ce muna murna da gwamnati ta tuna da mu, muna murna da wannan aiki na wuta, Allah ya saka. Ya ja wannan da ɗan tsawo. Sai ya gyara tsayuwa ya shiga maganar.

Ban taɓa jin Baffa ya yi magana kamar ranar ba. Ya faɗi yadda hatsin gari duka ke bi ta tudun nan kafin ya shiga rumbu. Ya nuna zawarawa da tsofaffin da ba su da gona sai ƙwarya da faifai. Ya nuna Inna, ya ce matar wansa ce, da iskar nan ta ciyar da marayu. Ya ce a ba mu wuta muna so, amma kada a ɗauke mana tuwo a ba mu fitilar da za mu ga kwanon da babu komai. Mata suka yi guɗa. Mai kyamara yana tsaye kyam, ido a manne, bai sauke ba har Baffa ya zauna. Muka raka su mota da buhun albasa, muna ganin an gama.

Suka ce ranar Juma'a za a nuna, labaran bayan magariba. Garinmu babu talabijin, sai muka shirya zuwa Argungu gidan wani ɗan garinmu mai sayar da shinkafa. Na ce Inna ta zauna, zan ba ta labari.

"Ni anka ɗauka, kai ka ba ni labari? Ɗauko min mayafi."

Muka cika jirgi muka haye gulbi da la'asar. Maigidan ya fito da akwatin talabijin tsakar gida ya ɗora a kan tebur, marar kala ce, eriyarta a kan dogon gora. Bayan sallah muka zauna, maza gaba, mata baya, Inna ta ratsa ta zauna gaban kowa.

Ita aka fara nunawa. Ga ta nan, ƙwarya sama, ta karkata kai, hatsi yana zubowa, ƙaiƙayi yana tashi kamar hayaƙi. Gidan ya kaure da salati. Mai karanta labarai yana cewa iskar da ta daɗe tana kaɗawa a banza a wannan yanki yanzu za ta yi wa jama'a aiki. Aka nuna liman, aka nuna mai gari yana godiya, aka nuna mu reras cikin manyan riguna muna murmushi kamar 'yan ɗaurin aure. Sai ga Baffa: muna murna da gwamnati ta tuna da mu, muna murna da wanga aiki. Mai labarai ya ce al'ummar garin sun yi marhabin da shirin. Sai aka shiga labarin takin zamani.

Muka zuba wa akwatin ido muna jira.

"Ina sauran?" in ji Baffa.

Maigidan ya tashi ya bubbuga akwatin ta gefe, ya murɗa goran eriya. Wani abokin wasan Baffa, Bafillace, ya ce, "Sarkin noma, ashe kai ka roƙo a kawo muna ita? Da ka hwaɗi tun farko da ba mu sha zaman benci ba." Wasu suka yi dariya. Baffa bai yi ba. Ya cire hula ya riƙe a hannu yana kallon takin zamani.

Mun daɗe muna cewa sayen 'yan talabijin ɗin aka yi. Sai bayan shekaru, ina gadi a wani gida a unguwar Gesse a Birnin Kebbi, na haɗu da siririn nan, ya yi ƙiba ya yi furfura. Na tuna masa. Ya ce batir ɗaya suka zo da shi, ya cinye rabi a kan tsohuwar nan mai shiƙa, addu'a da godiya suka cinye sauran. Baffa yana cikin faɗin muna murna kyamara ta mutu. Na ce to me ya sa ya ci gaba da riƙewa? Ya ce, "Haba, na ci tuwonku, dattijo yana magana yana kallona, ta yaya zan sauke?" Ban iya jin haushinsa ba. Kunyar da ta hana mu fara kuka ita ta hana shi sauke hannu.

Fankokin kuwa an kafa su. Ba zan yi ƙarya ba, mun ga wuta a masallaci, famfon ma ya hutar da mata. Sun juya 'yan shekaru suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Wayar da aka kewaye tudun da ita tana nan har yau.

Amma a ranar, a tsakar gidan nan na Argungu, abin da muka sani kawai shi ne gwamna ya gan mu muna murna, ba sauran inda za mu kai ƙara. Mutane suka tashi neman wurin kwana. Inna ba ta tashi ba. Na je na tsuguna kusa da ita.

"Ashe haka nike ta baya," ta ce. "Ashe na tsuhwa. Amma ka ga hannun bai rawa ba."

"Na gani, Inna."

"To baɗi ina za ni yi shiƙa?"

Na ce ta huta hakanan, rumbuna ya ishe mu, ba za ta kwana da yunwa ina raye ba.

"Ban tambaye ka tuwo ba," ta ce. "Wuri na tambaye ka."

Washegari muka bi jirgin farko. Ban shiga gida ba. Na hau tudun na cika aljihun rigar Sallah da ƙaiƙayi, na wuce gonata ta jigawa. Na bi iyaka ina tsayawa duk inda ƙasa ta ɗan tashi, in ɗebo in saki in ga inda zai yi. Yawanci a ƙafata yake zubowa. Wuri ɗaya ne ya tashi ya yi yamma, kusurwar gabas, inda gerona ya fi yin kyau kowace shekara. Bai kai na tudu ba, amma ya tashi. Na tuɓe rigar na rataye a karan gero, na aro fartanya a gonar maƙwabci, na fara tumɓuke kututturan ina daddaɓe ƙasa.