Jijiyar da ke Bayan Hanta

A shekarar da ake shirin karɓar mulkin kai na gama makarantar koyon aikin asibiti a Kano, na dawo Fammar ina jiran takardar da za ta tura ni ɗakin shan magani na Rano. Na tarar da ƙanwata a gida. Cikinta na fari ya shiga wata takwas, an kawo ta goyon ciki. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, don haka Goggo, yayar mahaifinmu, ita ke riƙe da cikin gida.

Kwana biyu da dawowata, da hantsi, na ji salati daga rumfar Goggo. Na leƙa. Ungozoma ce ta zo gyaran ciki, ta kwantar da ƙanwata rigingine a kan tabarma. Fuskarta ta yi fari, gumi ya jiƙa mata goshi, idanunta sun juye. Da suka ɗaga ta zaune don su yayyafa mata ruwa, sai ta ja numfashi ta farfaɗo. Goggo ta ce wannan ne karo na uku, kuma iska ce ke kishin cikin. An riga an aika wa wata mai magani a Unguwar Gai. Za ta zo ta kwantar da ita, ta lulluɓe ta, ta yi mata turare, a danne ta har iskar ta sake ta.

Na san abin da na gani. An koya mana cewa jini yana barin zuciya ta jijiyoyi masu kauri, masu bugawa, yana kuma dawowa ta wasu marasa kauri, waɗanda yatsa ɗaya ke iya toshewa. Masu dawo da shi suna haɗuwa su zama manya guda biyu. Ta sama tana kawo jinin kai da hannuwa. Ta ƙasa tana tattaro na ƙafafu da na ciki, ta hau ta gefen ƙashin baya. Dukkansu suna zubawa a ɓangaren dama na zuciya, ita kuwa zuciya ba ta da abin da za ta tura sai wanda ya dawo mata. Idan mai tsohon ciki ta kwanta rigingine, mahaifa na iya danne ta ƙasan. Uwa ta suma, abin da ke cikinta ma jininsa ya ragu. Malaminmu ya ce a juya ta zuwa gefen da jijiyar ba ta nan.

To, wane gefe ne? Na buɗe littafina. Na kwafi zanen ne a kan takarda mai shara-shara, na manna, ga shi mannin ya sake. Tawada ta fito ta fuska biyu, ban kuma rubuta dama ko hagu ba. In na riƙe ta haka, jijiyar tana dama da ƙashin baya. In na juya, tana hagu. Zuciyata ta fi karkata ga cewa tana dama, amma zato ne kawai. Tun muna yara an hore mu da kwanciya a kan dama. Kafin in ce wa Goggo a kwantar da 'yarta a kan hagu, sai ina da tabbaci. Na kuma ji tsoron in na yi kuskure, ni da bakina zan sa a ɗora nauyin a kan jijiyar.

Na yi shiru kwana uku. A cikinsu ƙanwata ta suma sau biyu.

Ranar kasuwar Kibiya na hau keke da sassafe, na nufi mahauta. Na sami wani dattijon mahauci ya rataye akuya yana shirin fiɗa. Na gaishe shi, na roƙi ya bar ni in duba cikin kafin ya fitar da kayan.

"Kai ne ɗan bokon nan na Fammar?" ya ce. "Shekara nawa ka yi a Kano, ba su taɓa nuna maka cikin akuya ba?"

"Baba, wata jijiya nake nema, babba, a jikin ƙashin baya."

"Jama'a, ku zo ku ga likita ya zo ɗaukar karatu wurin mahauci!"

Abokan aikinsa suka yi dariya. Shi kuwa ya farke cikin, ya ture tumbi da hanji gefe, ya nuna mini da bakin wuƙa.

"Guda biyu ne. Wannan mai taurin ba ta lotsewa. Wannan mai laushin, dubi, kamar tsumma. Ita ce ke manne a bayan hanta. In ka yi garaje wajen cire hanta ka huda ta, baƙin jini ya ɓata maka nama."

Na sa yatsa na danna ta, ta lafe ba tare da wata gardama ba. Akuya dai ba mutum ba ce, amma maganar hanta ta tuna mini an faɗa mana haka a aji, hantar mutum kuwa na sha lalubenta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Jijiyar tana dama. A kwantar da ita a kan hagu ke nan.

Rana ta take lokacin da na iso gida. Tun daga zaure na ji ƙaurin turare. Mai maganin ta riga ni zuwa. An saki asabarin ɗakin Goggo, hayaƙi na fita ta ƙasansa, ban kuma ji muryar ƙanwata ba.

"Goggo," na ce daga ƙofa, "don Allah a juya ta a kan hagu."

"Malam likita, yaushe namiji ya fara shiga maganar ciki? Koma zaure."

"Tun yaushe take kwance?"

"Ta yi laƙwas ke nan, iskar ce ta fara saki," in ji mai maganin. "Kada a taɓa ta."

Na ɗaga asabarin na shiga, abin da ban taɓa yi ba. Mata biyu na riƙe da kafaɗunta. Na yaye zanen. Leɓunanta sun yi toka-toka. Na kama wuyan hannunta, bugun yana can ƙasa, da ƙyar na same shi. Na tura ta ta koma kan hagunta, na naɗe wani zane na tokare mata baya. Goggo tana ta faɗa, tana cewa boko ya cire mini kunya. Na ci gaba da riƙe hannun. A hankali bugun ya cika, ta buɗe ido, ta ce, "Yaya, ruwa."

Daga ranar ba ta sake suma ba. Amma bayan kwana biyu Goggo ta same ni a zaure, ta tsaya nesa, ba ta kalle ni ba, ta ce cikin ya daina motsi. Bayan mako guda ƙanwata ta sauka. Namiji ne, bai zo da rai ba. Ita Allah ya tashi kafaɗunta.

Ba zan ce kwanciyar ce ta kashe shi ba, domin ban sani ba, kuma babu hanyar da zan sani. Da na kama aiki a Rano, na ba babban malamin asibitin da nake ƙarƙashinsa labarin duka, har da zuwa mahauta. Ya saurara yana wanke allurai. Da na gama ya ce hagu ta fi, haka ne, amma ko a kan dama aka juya ta, nauyin zai ragu a kan jijiyar. Abin gudu kawai shi ne rigingine. Sai ya tambaye ni kwana nawa na yi kafin in yi magana. Na ce uku.